Yadda Ake Tsara Kasafin Tafiya Hawan Keke a Tsaunukan Faransa

Tun da na dawo daga Morzine tambaya ɗaya ake tare ni da ita: nawa ka kashe? Da farko nakan faɗi jimla in wuce, daga baya na gane ba taimakon kowa nake yi ba. Jimlar ba ta gaya wa mutum abin da zai fara biya, da abin da zai jinkirta, da inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Shi ya sa na zauna na jero matakan yadda ya kamata a bi su.

Na ɗauki Morzine ne domin nan na sani. Ƙaramin gari ne a lardin Haute-Savoie, gabashin Faransa, kimanin mita 1,000 sama da teku. Yana cikin yankin Portes du Soleil, inda garuruwa 12 na Faransa da Suwizalan suka haɗa lif ɗinsu, wato kujeru da ɗakunan da ke rataye a igiyar ƙarfe suna kai mutum saman dutse. Da hunturu masu zamiya a ƙanƙara ke hawansu, da zafi kuma a maƙala musu ƙugiyar rataye keke. Ka hau da kekenka, ka gangaro, ka sake hawa. Duk farashin da zan ambata, in ban da wanda doka ta ƙayyade, kiyasi ne na tsara kasafi, sai ka tabbatar da na shekarar da za ka tafi.

1. Fara da ranakun hawa

Kafin ka buɗe shafin wani kamfanin jirgi, ka rubuta lamba ɗaya a takarda: kwana nawa za ka yi a kan keke. Ba kwanakin tafiya ba, na hawa. Hayar keke da tikitin lif da kayan kariya duk a kan wannan lambar ake lissafa su.

Ga mai zuwa karon farko, ina ba da shawarar dare bakwai a gari, wato yini takwas, biyar daga ciki a kan keke. Ranar isowa ba a hawa, ranar komawa ma haka, sannan a tsakiya ka bar rana guda ta hutu. Wanda bai taɓa gangara ta minti goma sha biyar a jere ba bai san abin da take yi wa hannu ba. A rana ta uku yatsu kan ƙage, damtse ya yi tauri har mutum ya kasa matse birki yadda ya kamata, kuma a irin wannan ranar ake yawan faɗuwa.

Lif ɗin suna yi wa masu keke aiki ne daga wajen ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, lokacin da mu muke tsakiyar damina. Agusta watan hutun Faransawa ne, masauki ya fi tsada, layi ya fi tsawo. Farkon Yuli ko ƙarshen Agusta sun fi sauƙi.

Gargaɗi: ba duka lif ke buɗewa rana ɗaya ba. Na cikin Morzine da maƙwabciyarta Les Gets kan riga waɗanda ke haɗa kwari da kwari, kuma su daɗe bayansu. In ka zaɓi makon farko ko na ƙarshe don araha, ka duba ranakun kowane lif, kada ka biya kuɗin yanki duka a bar ka da kusurwa ɗaya. Ka kuma duba ko makon ya yi karo da babbar gasa. Les Gets ta karɓi gasar keken tsauni ta duniya a 2004 da 2022, kuma duk makon da ake wata babbar gasa a can, ɗaki kan yi wuya har a Morzine.

2. Yi lissafi da Yuro

Kowane layi na kasafin ka rubuta shi da Yuro, sai a ƙarshe ka juya jimlar zuwa kuɗin gida. Wanda ya tsara tafiya da Naira a farkon 2023, lokacin da dala take wajen 460 a farashin hukuma, ya tashi tafiya a farkon 2024 ya tarar ta haura 1,500. Kasafin da aka rubuta da Naira ya zama takardar banza ke nan.

'Yan uwa na Nijar da Kamaru da Cadi sun huta da wannan, domin Sefa a ɗaure take da Yuro: Yuro ɗaya Sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Mai Naira ko Sidi kuwa, da zarar ya tara wani abu ya mayar da shi Yuro ko dala ya ajiye a asusun kuɗin waje, kada ya jira sai tafiya ta matso ya ruga wurin 'yan canji.

3. Biza, da abin da ba a biya kafin ta fito

A nan ne tsari ya fi muhimmanci. Dokar ita ce: duk kuɗin da ba a mayarwa, in ban da na biza da na inshora, kada ya fita daga hannunka sai biza ta shiga fasfo.

Bizar Schengen ake nema, wato ta ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma a wurin Faransa, tun da can za ka fi daɗewa, ko da jirginka a Geneva ta Suwizalan zai sauka. Ƙasashen biyu suna cikin Schengen, biza ɗaya ta wadatar. Ana fara cike takarda a shafin France-Visas. Kuɗin biza na babba Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu da ɗaukar zanen yatsa. In an hana ka, ba a mayar maka da ko sisi. Wanda ke Kano ko Sakkwato ya ƙara kuɗin mota zuwa Abuja da kwana ɗaya a can, wannan ma cikin kuɗin biza yake. Mutanen Nijar su fara da binciken inda za su miƙa takarda tun kafin komai, domin Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024.

Ana iya miƙa takarda tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45, kuma samun ranar ganawa kansa aiki ne idan zafi ya gabato. Mai son Yuli ya fara tun Maris. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai ba.

Akwai lambar da ta shafi kasafi kai tsaye. Faransa na so ta ga kana da Yuro 65 na kowace rana idan kana da shaidar otal, Yuro 120 idan ba ka da ita. Wannan mafi ƙaranci ne, bai kai abin da hawan keke zai ci ba, amma takardar bankinka ta watannin baya dole ta nuna ka fi ƙarfinsa.

Gargaɗi: kada ka ari kuɗi ka zuba a asusu ana gobe za a buga takardar banki. Kuɗin da ya faɗo kwatsam ba tare da asali ba yana jawo tuhuma. Masauki kuwa ka kama wanda za a iya sokewa kyauta, tikitin jirgi ka nemi a riƙe maka kujera ba tare da ka biya duka ba. Ka kuma haɗa wasiƙa gajeriya mai bayyana abin da za ka je yi, da saƙon da ka yi musaya da shagon haya.

4. Inshora

Ba a ba da biza sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, wadda ta haɗa da kuɗin dawo da mutum gida. Mafi yawan matafiya kan sayi mafi arha don cika sharaɗi, su wuce. Ga mai zuwa yawon buɗe ido wannan ba laifi. Ga mai gangara daga saman dutse kuwa, araha ba ta ado.

Da yawa daga cikin waɗannan inshorori suna da sashen abubuwan da ba su ɗauka, kuma wasanni masu haɗari na ciki. Wasu sun ɗauki hawan keke a kan kwalta amma ban da tsauni. Wasu sun ɗauki tsauni amma ban da gangarar da aka hau da lif. Kalmar da za ka nema a takardar ita ce downhill, wato gangara. In ba ka gan ta ba, ka rubuta wa kamfanin ka tambaya, ka ajiye amsar a rubuce. Alkawarin baki na wakili ba ya biyan kuɗin asibiti.

Na ga wannan da idona. Wani abokin tafiyarmu ya zame a kan saiwar itace da ruwan dare ya jiƙa, a hanyar da ba ta da wani wuya, ya faɗi a kan kafaɗa. Yana zaune a gefen hanya ya riƙe gwiwar hannunsa, hular kwano na kansa, yana ce mana ba komai, amma ana ganin tudun ƙashi ta cikin riga. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne ya karye. Aka sauko da shi, aka yi hoto, aka ɗaure. Da daddare ya buɗe takardar inshorarsa a waya, muna karantawa tare, sai ga layin da ya cire irin hawan da muke yi. Daga aljihunsa ya biya komai, ga kwana uku na hayar keke da ya riga ya biya sun tafi.

Abubuwa huɗu za ka tabbatar suna ciki: magani da tiyata, ceto daga kan dutse har da jirgi mai saukar ungulu, dawo da kai gida idan ba za ka iya zama a kujerar jirgi ta yau da kullum ba, da diyya idan kai ka buge wani. Batun ceto ya fi nauyi a ɓangaren Suwizalan, inda ake kawo wa mutum lissafin jirgin da ya ɗauko shi, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ka tabbatar inshorar ta ambaci ƙasashen biyu. Wanda ya fi natsuwa da tsarin takaful ya tambayi kamfanonin da ke yin sa, amma tambayar ɗaya ce: kun ɗauki gangara da keke ko ba ku ɗauka ba? In ta kama ka sayi biyu, ɗaya don biza ɗaya don hawa, ka saya. Ina ware Yuro 120 a wannan layin. Lambar neman agaji a can 112 ce, babban asibiti mafi kusa kuma yana Thonon-les-Bains, wajen kilomita 30 daga Morzine.

5. Tikitin jirgi

Shi ne layi mafi girma, amma ba shi da sarƙaƙiya. Geneva za ka nufa. Daga Kano ana bi ta Adis Ababa ko Alƙahira, daga Abuja akwai hanyar Santambul da Faris da Frankfurt. Ka gwada farashin Kano da na Abuja, ka ɗora kuɗin zuwa Abuja a kai kafin ka yanke wanne ya fi sauƙi. Yuro 1,000 nake sawa a kasafi, a shekara mai kyau a samu ragi.

Gargaɗi: ka guji hanyar Landan. Ingila ba ta cikin Schengen, kuma ratsawa ta can na iya buƙatar wata biza dabam. Ka kuma guji sayen tikiti biyu daga kamfanoni biyu don rage kuɗi. In na farko ya makara, na biyu ba ruwansa.

6. Keke: haya ko naka

Wannan ce shawarar da ke sauya fuskar kasafi, kuma a nan mutane suka fi yaudarar kansu.

Hanyoyin Morzine suna buƙatar keke mai shokozoba gaba da baya, mai lanƙwasa milimita 160 zuwa 200, da birkin mai mai faifai babba, da taya mai kauri. Keken da kake zagaya duwatsun Abuja ko na Jos da shi, in shokozoba ɗaya gare shi a gaba, zai iya hanyoyi masu sauƙi, amma zai gajiyar da kai, birkinsa kuma zai yi zafi ya saki a doguwar gangara. In irin wannan ne kekenka, ka bar shi a gida, ba sai an yi dogon lissafi ba.

Hayar keke mai kyau tana kaiwa wajen Yuro 100 a rana, sabo fil ya haura haka, kuma akan rage wa wanda ya ɗauki kwanaki a jere. Shaguna da yawa suna sayar da ƙaramar inshorar lalacewa ta kowace rana. Ka saya, amma ka tambayi abin da ba ta ɗauka. Sau da yawa sata ba ta ciki, wani lokaci taya da ta yage ma haka. Hular kwano mai rufe haɓa, da kariyar gwiwa da ta baya, wasu shagunan suna haɗawa da keke, wasu kuɗinsu dabam. Safar hannu da tabarau da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ka zo da naka.

Sai maganar jingina, wadda ita ta fi kama mutanenmu. Keken da za a ba ka ya kai dubban Yuro, saboda haka shago zai riƙe wani adadi a katinka har ka dawo da shi. Ba cirewa suke yi ba, amma kuɗin ba ya taɓuwa har a sake shi, kuma sakin kan ɗauki kwanaki. Katin Naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, jinginar kaɗai na iya cinye ta. Da yawa cikinmu kuma ba ma riƙe katin bashi saboda riba. Don haka ka rubuta wa shagon tun kana gida: nawa ne jinginar, kuna karɓar katin cire kuɗi na asusun dala, kuna karɓar tsaba? Wannan kuɗin ba kashewa ba ne, amma dole ya kasance a hannu, ka rubuta shi a gefe.

Gargaɗi, kuma wannan na rai ne: a Faransa hannun hagu ke riƙe birkin gaba, dama na baya. Wanda ya saba da babur, hannunsa na dama ya san birkin gaba. Ka gaya wa mai shago yadda ka saba tun lokacin da kake kama keken, su juya maka. Kafin ka bar ƙofar shagon ka matse kowanne ka tura keken ka gani. Ni na taɓa mantawa, a kwanar farko na damƙe abin da nake zaton na baya ne, tayar baya ta ɗaga sama, Allah ne ya kiyaye. Ka kuma faɗa musu nauyinka na gaskiya domin su daidaita iskar shokozoba, ka ɗauki hoton duk wani ƙarce da ke jikin keken kafin ka fita.

In kuwa kana da keken da ya dace, ga lissafin da za ka yi. Jakar keke ko kwali mai ƙarfi daga shagon keke. Kuɗin kayan wasanni a jirgi, zuwa da dawowa, wanda kowane kamfani da nasa: wasu suna ƙirga keke cikin kayanka muddin bai wuce kilo 23 ba, wasu suna caji dabam, kuma sama da kilo 32 ba a karɓa a matsayin kaya ɗaya. Motar da za ta kai ka Morzine ma takan ƙara kuɗi a kan jakar. Sannan gyara kafin tafiya, da kayan canji: takalmin birki saiti biyu aƙalla, domin mako ɗaya mai ruwa yana cinye saiti, da tif, da mahaɗin sarƙa, da ɗan ƙarfen nan da ke riƙe giyar baya. Wannan ƙarfen kowane keke da irin nasa, in ya lanƙwashe kuma shago ba shi da shi, ranarka ta tafi. A hukuncina, in hawan bai wuce kwana biyar ba haya ta fi, in ya kai kwana goma naka ya fi.

Keke mai lantarki kuwa kada ma ka fara. Jiragen fasinja ba sa ɗaukar batirin da ya wuce awa-wat 160, na keke kuma yana kaiwa 500 zuwa sama.

7. Masauki da abinci

Otal mai abinci yana da daɗi, amma gida mai kicin wanda mutum huɗu suka haɗa kuɗi suka kama shi ne ke rage kasafi da gaske. Yuro 60 na kowane mutum a dare kiyasi ne mai kyau. Ka tambayi abu uku: akwai ɗakin ajiye keke mai kulle, akwai wurin wanki, tafiyar minti nawa ce zuwa lif ɗin Pleney ko na Super Morzine? Gidan da ya yi arha sosai sau da yawa a saman tudu yake, kuma tura keke mai nauyin kilo 17 zuwa can bayan yini guda ba abin so ba ne. Akwai harajin kwana da gari ke karɓa a kan kowane baƙo, kaɗan ne, amma ba kullum yake cikin farashin da ka gani ba. Wasu gidajen kuma suna cajin shara da zanin gado dabam.

Abincin yankin cuku ne da dankali, kuma naman alade na shiga cikin da yawa. Ka haddace kalmomi uku na Faransanci: porc, jambon, lardons. Inda ka gan su ka wuce. Wannan kaɗai ya isa ya sa girki a gida ya fi sauƙi. Shinkafa, taliya, ƙwai, kifin gwangwani, burodi da 'ya'yan itace duk suna kanti. Ka zo da yajinka, amma kilishi da dambun nama ka bar su, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje. Abincin rana a saman dutse yana da tsada, ka naɗe burodi da dabino a jaka. Ruwan famfo ana sha. Da haka Yuro 30 a rana ya isa, har da cin abinci a waje sau ɗaya ko biyu.

8. Lif, mota, waya

Tikitin lif na yankin duka yana tsakanin Yuro 30 da ɗoriya zuwa 40 da ɗoriya a rana, na kwanaki ya fi sauƙi. Ka tambaya ko akwai wanda kwanakinsa ba sai a jere ba, domin ranar hutunka da ranar hadari. Tsawa ta yamma kan sa a tsayar da lif.

Daga filin jirgin Geneva zuwa Morzine tafiyar awa ɗaya da kwata ce zuwa da rabi. Motar haɗaka da aka kama tun da wuri tana kusan Yuro 50 kowace tafiya. Tasi ta kai ninki uku ko fiye.

Gargaɗi: ranar da za ka tsallaka zuwa Champéry ko Les Crosets a Suwizalan, ka rubuta lokacin lif na ƙarshe a bayan hannunka. Ta sama tafiyar ba ta da nisa, amma in aka rufe kana can, sai ka zagaye dutsen da mota, kuma tasin Suwizalan da kuɗinsu na Faran ake biya. Layin wayar Faransa ma ba dole ya yi aiki kyauta a can ba, tun da Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai. Ka duba kafin ka saya.

Layi ɗaya da nake roƙon kowa ya ƙara: rabin yini da mai koyarwa a ranar farko. Hanyoyin launi gare su, kore da shuɗi da ja da baƙi, daga sauƙi zuwa wuya, kuma shuɗin can ya fi abin da yawancinmu muka taɓa hawa. Yuro 100 da zai koya maka tsayuwa a kan feda da sakin birki a kwana ya fi kowane kuɗi amfani a wannan tafiya.

9. Haɗa jimla

Ga yadda takardata take ga mutum ɗaya, dare bakwai, hawa biyar. Biza da ladan cibiya 130. Inshora 120. Jirgi 1,000. Mota zuwa da dawowa 100. Masauki 420, harajin kwana 15. Lif 180. Hayar keke 500, inshorarsa 60, kayan kariya 80. Abinci na kwana takwas 240. Waya 25. Mai koyarwa 100. Jimla Yuro 2,970.

A kai ka ɗora kashi 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba, wato wajen 445. Ya zama Yuro 3,415, kimanin Sefa miliyan 2 da dubu 240. Mai Naira ya ninka da farashin ranar. Jinginar keke tana gefe, tsaraba ma haka, kuma ita ka yanke mata adadi tun a gida.

Yanzu ka raba jimlar da biyar. Kowace ranar hawa ta tsaya maka kusan Yuro 680. Wannan lambar ita ke nuna inda ya dace a yi tsimi da inda bai dace ba. Rage Yuro 20 ta hanyar ɗaukar tsohon keken da zai kwana a wurin gyara hasara ce. Ƙara kwana biyu na hawa kuwa kusan Yuro 500 kawai zai ci, tun da jirgi da biza an riga an biya, kuma kuɗin kowace rana zai sauko. Wanda ya ga jimlar ta fi ƙarfinsa bana, ya ɗaga zuwa baɗi. Kada ya cire inshora ko mai koyarwa don lissafi ya daidaita.

10. Tarawa da biya

Ka raba jimlar da watannin da suka rage. Yuro 3,415 cikin wata goma sha biyu kusan 285 ne a wata. In kuna tafiya ku huɗu, adashi yana aiki, muddin kowa na zubawa da kuɗin waje kuma an rubuta wanda ya biya me. Ku yi magana tun farko kan abin da zai faru da kuɗin gida idan an hana ɗayanku biza, domin kason nasa a kan sauran zai faɗo.

Jerin biya shi ne: inshora da kuɗin biza, sai masaukin da ake iya sokewa. Biza ta fito, a ranar ka biya jirgi, sannan kafin alƙalamin keke, sannan mota. Tikitin lif sai ka isa ka ga yanayin sama.

Ka tafi da kati biyu daga banki biyu, ka sanar da su za ka fita, ka tambayi iyakar kowanne a rana da wata. Tsabar Yuro 300 zuwa 400 a ƙananan takardu ta isa, a raba ta wuri biyu. Idan na'urar biya ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, ka zaɓi Yuro, ka bar wa bankinka canjin. Kowane dare ka rubuta abin da ka kashe, ka ajiye duk rasit, musamman na asibiti ko kantin magani, domin inshora ba ta biya sai da su.

Ranar ƙarshe ka mayar da keke da sauran rana, a wanke, ka tsaya a duba shi a gabanka tare da hotunan da ka ɗauka ranar farko. Ka nemi su soke jinginar kana tsaye, su ba ka takardar sokewa. In kwana goma suka wuce kuɗin bai dawo asusu ba, wannan takardar za ka kai banki.